Yadda Ake Shirya Hutu a Garin Bakin Teku Mai Zafi

Yawancin masu zuwa hutu bakin teku da hoton otal suke fara shiri. Su ga farin yashi da shuɗin ruwa, su biya kuɗi, sai sun sauka su tarar ana sheƙa ruwan sama kwana biyar a jere, ko teku ya janye ya bar musu taɓo da ciyawa har iya ganin ido. Hoton gaskiya ne, amma a wani watan aka ɗauke shi, a wata sa'ar. Abu uku ke juya garin bakin teku: lokacin shekara, cika da janyewar ruwa, sai zafin rana. A kansu ake gina tafiyar, otal ya biyo baya.

Mataki na 1: Zaɓi wata kafin komai

A ƙasashe masu zafi damina da iska ne ke ɓata hutu, kuma damina ba ta faɗuwa lokaci ɗaya ko da a ƙasa ɗaya ne. A Tailan, Fuket da ke gefen yamma tana shan ruwa da manyan igiyoyi daga Mayu zuwa Oktoba, alhali tsibirin Ko Samui da ke gefen gabas ruwansa ya fi ƙarfi daga Oktoba zuwa Disamba. A Siri Lanka, kudu da yamma sun fi daɗi daga Disamba zuwa Maris, gabas kuwa daga Mayu zuwa Satumba. Gaɓar gabashin Afirka, wato su Zanzibar da Mombasa, damina biyu gare ta: babba a Afrilu da Mayu, ƙarama wajen Nuwamba. Bali ta Indunusiya tana rani daga Mayu zuwa Satumba, tsibiran Maldibs daga Disamba zuwa Afrilu. A Goa ta Indiya akan hana shiga ruwa ma baki ɗaya a tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Satumba.

Sai mahaukaciyar guguwa. Lokacinta a Tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsananta tsakanin Agusta da Oktoba, kuma wannan ya shafi tsibiran Karibiyan da garuruwan Meziko irin su Kankun. A Morishus daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Tun daga 2011 kuma yankin Karibiyan na fama da wata jar ciyawar teku da ke taruwa a gaɓa a watannin zafi, ta ruɓe, ta riƙa wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Abin yi shi ne ka nemi jadawalin ruwan sama na wata-wata na ainihin garin da za ka, kada ka dogara da na babban birnin ƙasar. Duba yawan ruwan da kuma adadin ranakun da ake yinsa. Ruwan da ke sauka awa ɗaya da la'asar ya ɗauke ba ya hana komai. Wanda ke zuwa da iska shi ne matsala, don yana dama ruwa ya yi duhu, a soke fitar kwale-kwale, a kafa jar tuta. Makonni biyu ko uku na farkon rani ko na ƙarshensa su muka fi so: yanayi na da kyau, jama'a sun ragu.

Mataki na 2: Gane cika da janyewar ruwa

Wannan shi ne abin da baƙi suka fi jahilta, kuma shi ke tsara kowace rana ta hutunka. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. In yau ya cika da ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 9:50, bayan mako guda kuwa ƙarfe 9 ɗin nan lokacin janyewa ne.

Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. A kwanakin tsayuwar wata da daren sha huɗu, da kwana ɗaya ko biyun da ke biye, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Wajen 7 da 22 ga watan Musulunci bambancin kan ragu sosai. Girman abin ya danganta da wuri. A Karibiyan bambancin ba ya kai rabin mita a yawancin wurare, da wuya ka lura. A gabashin Zanzibar, kamar Paje da Jambiyani, ruwa kan janye ɗaruruwan mitoci, ta yadda iyo sai ya cika, alhali a Nungwi da Kendwa da ke arewacin tsibirin ana iya shiga kusan duk yini. Saboda haka kafin ka kama ɗaki, nemi jadawalin cikar ruwa na wannan gaɓar a intanet, ka ɗora shi a kan kwanakinka.

Akwai haɗari a nan da ya kamata a faɗa. Idan ruwa ya janye mutane kan taka su yi nisa don kallon ƙananan kifaye da kaguwa a cikin kududdufai. Da zai dawo, ba daga gabanka kawai yake zuwa ba, yakan fara cika kwaruruwan da ke bayanka, ka waiwaya ka ga ruwa ya raba ka da gaɓa. Kuma ba da gudu ɗaya yake hawa ba: awa ta farko a hankali, amma rabin dukkan cikar a awa ta uku da ta huɗu yake zuwa. Ka fita kamar awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa, ka saita ƙararrawar waya, da lokacin ya yi ka juyo.

Mataki na 3: Kama masauki

Buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka dubi otal ɗin daga sama. Akwai titi tsakaninsa da ruwa? Gabansa yashi ne ko duwatsu? Akwai bakin rafi ko magudanar gari kusa? In akwai, bayan kowane ruwan sama dattin gari nan zai sauka. Otal ɗin da ya ce ana hango teku daga ɗaki daban yake da wanda ke bakin ruwa. Ka auna nisansa daga filin jirgi da awanni, don kilomita 60 a hanyar bakin teku na iya cin awa biyu. A Maldibs ƙananan jiragen da ke sauka a kan ruwa da rana kawai suke tashi, wanda ya iso da yamma sai ya kwana kusa da filin jirgi.

Karanta ra'ayoyin baƙi na watanni ukun baya, ka fara da masu ƙorafi, ka dubi hotunan da su suka ɗauka. Sannan ka rubuta wa otal ɗin tambayoyi: akwai na'urar sanyaya ɗaki ko fanka ce? Akwai gidan sauro? Janareta fa? Akwai masu ceto a bakin ruwa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Ina asibiti mafi kusa? Kuɗin da aka nuna ya haɗa da haraji? Har zuwa wace rana za a iya sokewa a mayar da kuɗi? Ajiye amsar a rubuce.

Tsarin abinci iri-iri ne: ɗaki kawai, ɗaki da karin kumallo, da ƙarin abincin dare, ko komai da komai. A garin da ke da gidajen abinci, karin kumallo ya isa. A keɓaɓɓen tsibirin da babu wani wurin ci sai otal, ɗauki cikakken tsari tun daga farko, ya fi sauƙi a kan biyan faranti-faranti.

Mataki na 4: Takardu da likita

Ƙasashe da yawa na son fasfo ya rage aƙalla wata shida da shafi biyu babu komai, da tikitin komawa. Biza ta intanet a shafin gwamnatin ƙasar kaɗai za ka nema, don akwai shafukan bogi masu kama da na gaske. Dokoki na canzawa: Kenya ta koma izinin shiga na intanet a Janairun 2024, Bali ta fara karɓar harajin baƙi a 14 ga Fabrairun 2024, Zanzibar ta wajabta inshorar baƙi daga 1 ga Oktoban 2024, Tailan ta fara katin isowa na intanet a 1 ga Mayun 2025. Ka sake dubawa mako biyu kafin tashi. Inshorar tafiya kuma, karanta ko ta haɗa da nutso, hawan babur, da ɗauko marar lafiya daga tsibiri zuwa babban asibiti, domin nan ne kuɗi ke tafiya.

Ga likita mako huɗu zuwa shida kafin tafiya. Katin rigakafin shawara sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kuma tun Yulin 2016 na har abada ne. In yankin na da zazzaɓin cizon sauro, maganin kariya na da ƙa'ida: Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin isa, a ci gaba kwana 7 bayan an baro, doksisaikilin kuwa sai an yi mako huɗu bayan an baro, kuma yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Likita ne zai zaɓa maka, musamman ga mai juna biyu da yara.

Mataki na 5: Kaya

Tufafi marasa nauyi masu sakin jiki, hula mai faɗin baki, tabarau mai tare hasken UV (hasken rana da ido ba ya gani, mai ƙona fata), silifas, da takalmin roba mai rufe yatsu na shiga ruwa. Wannan takalmin kada ka raina shi. Kayan iyo su zama na yadin roba mai saurin bushewa. Doguwar riga ko zanin auduga na shan ruwa, su yi nauyi, su naɗe ƙafa. Mai son rufe jiki akwai kayan iyo masu dogon hannu da dogon wando da aka ɗinka don haka, kuma sun fi kowane mai kare fata.

Ƙaramin akwatin magani: farasitamol, ƙullin gishiri da sukari na gudawa, filasta, maganin wanke ciwo, matsefata, maganin jirin jirgin ruwa, maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, da magungunanka na kullum a cikin kwalinsu. Duk abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a babbar jaka zai shiga, batirin cajin waya na tafi-da-gidanka kuma a jakar hannu. Ka taho da adafta da jakar roba mai zif ta waya, don gishiri da yashi na kashe ramin caji.

Mataki na 6: Ranar isa

Ka shirya motar ɗauka tun kafin ka tashi, ko ka hau tasi daga ofishinsu na cikin filin jirgi, a yanke kuɗi kafin a sa kaya. In na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi na ƙasar da kake ciki, ɗayan zaɓin canjinsa ya fi tsada. Fasfo a akwatin ajiya na ɗaki, hotonsa a waya.

Yinin farko na kallo ne. Taka bakin ruwa da yamma, ka ga inda masu ceto ke zama, ka karanta allunan gargaɗi, ka tambayi ma'aikatan otal ko masunta inda ake shiga da inda ba a shiga. Da ɗan gari akan ci gari. Ka lura kuma da yadda mutanen wurin ke sa sutura a cikin gari, kayan iyo na bakin ruwa ne kawai. Kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 zuwa 7 duk shekara, kuma kafin rabin awa duhu ya rufe, kada magariba ta same ka a nesa.

Mataki na 7: Shiga ruwa

Fara da tutoci. Tuta mai ja da ɗorawa guda biyu na nuna iyakar wurin da masu ceto ke sa ido, a tsakaninsu za ka yi iyo. Ɗorawa zalla, a yi hattara. Ja zalla, haɗari ne babba, kada ka shiga. Ja biyu, an rufe ruwan. Shunayya, akwai halittu masu harbi. Mai baƙi da fari, wurin masu allunan hawan igiya ne da jirage. Rashin tuta yana nufin babu mai gadi ne kawai.

Babban abin da ke cin mutane a bakin teku shi ne ruwa mai ja zuwa ciki. Igiyoyi na turo ruwa gaɓa ba fashi, ruwan da ya taru dole ya koma, sai ya nemi wata 'yar hanya mai zurfi tsakanin tuddan yashin da ke ƙarƙashi, ko gefen dutse, ko gefen gadar jirage, ya kwarara ta nan kamar rafi. Faɗinsa yawanci bai wuce mita 25 ba. Gudunsa kan kai rabin mita a daƙiƙa, wani lokaci har mita 2.5, wanda ya fi ƙarfin gwanin iyo na duniya. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne nan ne wurin da ya fi kama da lafiya: hagu da dama igiyoyi na fashewa da farin kumfa, tsakiya kuwa ruwa ya kwanta lumui, ya ɗan fi duhu. Uwa mai neman wuri mai sauƙi don yaranta, kai tsaye nan za ta nufa.

Kafin ka shiga, tsaya a wuri mai tudu minti biyar zuwa goma ka duba. Nemi zirin ruwa mai duhu da igiya ba ta fashewa a cikinsa, ko kumfa da ciyawa da ke tafiya ciki maimakon gaɓa, ko ruwa mai launin yashi da ya miƙe ya wuce layin igiyoyi.

In ya ɗauke ka, ka sani ba ƙasa yake ja ba, waje yake fita da kai, kuma ƙarfinsa na mutuwa da ya wuce inda igiyoyi ke fashewa. Gajiya da firgita ne ke kashewa. Kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye. Kwanta rigingine, buɗe hannuwa da ƙafafu, ka daidaita numfashi. Ɗaga hannu ɗaya ka yi kira. In kana da ƙarfi, yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓa, har ka ji jan ya sake ka, sannan ka bi igiyoyi a karkace su kawo ka. In wani ka gani a ciki, kira masu ceto, ka jefa masa duk abin da ke yawo a ruwa: jarka mai murfi, kular ƙanƙara, ƙwallo. Da yawa daga waɗanda suka rasu a irin wannan, ceto suka shiga hannu rabbana.

Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa in akwai igiya, domin yashin da ke ƙarƙashin ƙafa na zaizayewa, kuma taku ɗaya na iya zama rami. Iyon kwamin wanka na otal ma ba ya zama shaida a teku. Kada ka ba igiya baya, kada ka yi tsalle da ka cikin ruwan da ba ka san zurfinsa ba, kada ka shiga kai kaɗai, ko da dare, ko bayan shan abin maye.

Yara kuwa, nutsewa ba ta da ihu. Yaro kan tsaya a miƙe a ruwa, baki na hawa yana sauka, cikin ƙasa da minti guda ya ɓace. Ƙaramin yaro ya kasance inda hannunka zai kai gare shi. In kuna da yawa, a naɗa mutum ɗaya mai kallo, babu waya babu hira, a canza shi duk minti 20. Taya da katifar iska kayan wasa ne, ba sa ceto. Ɗebi yashi ka saki: in iska ta kai shi wajen teku, a ajiye su, domin haka za ta kwashe su da wanda ke kai.

Abu na ƙarshe a nan ba kasafai yake faruwa ba, amma sai an sani. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ko teku ya janye farat ɗaya ba a lokacinsa ba har kifaye na tsalle a fili, gudu zuwa tudu ko saman dogon bene mai ƙarfi, kada ka jira sanarwa. A 26 ga Disamban 2004 ambaliyar tsunami ta Tekun Indiya ta hallaka mutum kusan 230,000. A wata gaɓa ta Fuket, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10 ta gane alamar saboda darasin makaranta, aka kwashe mutanen wurin kafin ruwan ya iso. Igiyar farko ba lallai ta zama mafi girma ba, a zauna a tudu har hukuma ta ce a sauko.

Mataki na 8: Rana

Iskar teku na sanyaya jiki, sai mutum bai ji yana ƙonewa ba. Gajimare ba ya tare hasken duka, yashi da kumfar ruwa kuma na mayar da shi daga ƙasa, har wanda ke ƙarƙashin lema na samun rabonsa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ya fi ƙarfi. Dubi inuwarka: in ta fi ka gajarta, nemi inuwa. Tsara iyo da hantsi da bayan la'asar, tsakar rana ta zama ta abinci da hutawa.

Man kariya daga rana ya zama SPF 30 ko sama (lambar ƙarfinsa ce da ake rubutawa a jikin kwalba), wanda ke tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙona fata in an shafa isasshe, kuma nan ake kuskure. Babban mutum na buƙatar kimanin mililita 35, wato cokalin shayi bakwai: ɗaya fuska da wuya da kunnuwa, ɗaya kowane hannu, ɗaya kowace ƙafa, ɗaya gaba, ɗaya baya. Kwalbar mililita 200 ba ta ma cika shafawa shida ba. A shafa minti 20 kafin fita, a maimaita duk awa biyu da bayan kowane iyo. Baƙar fata na da 'yar kariya, amma tana ƙonewa, ta saɓule, ta bar tabo. Zabiya da mai amfani da man sauya launin fata su fi kowa kiyayewa. Jaririn da bai kai wata shida ba a inuwa zai zauna. Wasu wurare, kamar Hawai tun 2021, sun hana sayar da mayukan da ke ɗauke da wasu sinadarai masu cutar da murjani, wato halittar teku mai kama da dutse.

Sha ruwa kafin ƙishi, ka duba fitsari: in ya yi ja-ja, ka ƙara. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya alamar zafi ya yi yawa ne, a koma inuwa, a sassauta kaya, a sha ruwa. In mutum ya fara sambatu ko ya ruɗe, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take a nemi asibiti. Wajen neman inuwa kuma, ɗaga kai tukuna: kwakwa mai nauyin kilo biyu daga tsayin mita 20 ba ƙaramin abu ba ce.

Mataki na 9: Abubuwan da ke cikin ruwa da yashi

Bushiyar teku baƙar dunƙule ce mai dogayen ƙayoyi, tana maƙale a duwatsu. In ka taka ta, tsoma ƙafar a ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, kamar digiri 45, na rabin awa ko fiye, ka cire na waje da matsefata a hankali don suna karyewa. Wadda ta shiga gaɓa ko ta yi zurfi sai likita. Akwai kifi mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa a yashi, da ƙaya a wutsiya: ja ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, zai ji motsi ya gudu. Harbinsa ma ruwan zafi ne taimakon farko, sannan asibiti.

Jelifish halitta ce mai kama da farar leda da dogayen zaruruwa. Mai siffar akwati, da ake samu a arewacin Ostareliya musamman daga Nuwamba zuwa Mayu, da wasu ruwayen Tailan da Filifin, tana iya kisa. A kwarara ruwan khal, wato binega, a wurin harbin aƙalla daƙiƙa 30, kada a goge, kada a zuba ruwan sha, a kira agaji. Fitsari ba ya maganin komai. Yankan murjani ko ƙarami ne a wanke shi sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, don yana saurin ruruwa. Kada ka tsaya a kan murjani, rayayye ne, wani irinsa santimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara. Katantanwa mai siffar mazurari da zane mai kyau, bar ta inda take, tana da dafi. A yashin da karnuka ke yawo, sa silifas ka shimfiɗa tabarma, akwai tsutsar da ke shiga fata daga kashinsu.

Sauron da ke kawo zazzaɓin denge da rana yake cizo, musamman da safe da gab da magariba. Man rana ake fara shafawa, na sauro a kansa. In zazzaɓi ya zo, farasitamol kawai har a yi gwaji, domin asfirin da ibufrofen na ƙara haɗarin zubar jini a denge.

Mataki na 10: Kwale-kwale, babur da ciki

Kafin ka biya kuɗin fita teku, ƙirga rigunan ceto da idonka, ka tabbatar akwai girman yara, ka sa taka tun daga gaɓa. In jirgi ya cika fiye da kima ko sama ta haɗa, fasa. Araha ba ta ado a nan. Maganin jiri minti 30 zuwa awa ɗaya kafin hawa ake sha, ka zauna tsakiyar jirgi kana kallon nesa. Tabarau na leƙen ƙarƙashin ruwa, gwada shi a fuska ba tare da ɗaure igiya ba, ka ja numfashi ta hanci: in ya manne, ya dace.

Hayar babur na jikkata baƙi da yawa. Sai da lasin da ƙasar ta yarda da shi da hular kwano, in ba haka ba inshora ba za ta biya ba. A Tailan, Indunusiya, Siri Lanka, Kenya, Tanzaniya da Morishus hannun hagu ake bi. Ɗauki bidiyon babur ko babur ɗin ruwa ta ko'ina a gaban mai shi kafin ka hau, kuma kada ka bar fasfo jingina.

Ruwan kwalba mai hatimi, abinci da zafinsa, 'ya'yan itacen da kai ka ɓare. Guji manyan kifayen da ke farauta a duwatsun murjani, irin barakuda, suna iya ɗaukar dafin da girki ba ya kashewa. In gudawa ta zo kuma babu ƙulli, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Jini a bayan gida, zazzaɓi, ko yaron da ya kasa sha, sai asibiti.

Mataki na 11: Komawa

Wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan da yawa, kafin ya hau jirgin sama. Barin yini guda cur ya fi. Kada ka sayi murjani, ƙoƙon kunkurun teku ko manyan katantanwa a matsayin tsaraba, jami'an kwastan na ƙwacewa, har da tara. Ɗauraye kayan iyo da ruwan famfo ka shanya tun daren ƙarshe. Ka shanye maganin zazzaɓin cizon sauro har kwanakinsa su cika, ko da kana jin garau. In zazzaɓi ya kama ka bayan dawowa, musamman a wata ukun farko, je a gwada jininka a ranar, ka faɗa wa likita ƙasar da ka je da ranar da ka baro ta.